Wa Ya Manta a Shagon Kawu Sale?

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Ke Bilki kina son ki ji ko gaskiya ne mutanen Libiya ba su san tuwo ba, ke kuma Hadiza tambayarki ɗaya, ko na yi kuka a Sahara. Duk wadda na fara ba wa labari sai in ga na ɗauko shi daga tsakiya, in ɓace, in ƙare a kan shayi. To ga shi na zauna na rubuta, daga ƙofar gidanmu ta Damagaram har zuwa wata 'yar ƙofa da ba ta kai tafin hannu ba, wadda ita ce ta ja ni duk wannan nisa. In kun ga na rikice a wasu wurare ku yi haƙuri. A rikice na yi yawancin tafiyar.

Kun san Kawu Sale da suna, yayan Inna, wanda ya daɗe a Sabha har furfura ta same shi a can. Yana da ɗan shago a unguwar Mahdiya. Leburori daga Tawa da Maradi, da masu wucewa arewa, sukan zo wurinsa kafin su ci gaba. Ya ɗauki hoton takardunsu, ya naɗi muryarsu in suna da saƙon da za su bar wa iyali, ya zuba a faifai, ya rubuta suna a kai, a ajiye cikin wani akwatin ƙarfe. Waya ana ƙwace ta a hanya, ko ta faɗa ruwa, amma akwatin Kawu yana nan inda yake. Mutane ba sa ce masa akwati, amana suke cewa.

Wata safiya ya kira Inna. Ina wanke-wanke sai ta zo ta tsaya a kaina.

"Faifai bakwai aka buɗe aka tarar ba kome a ciki," in ji ta. "Ya ce shi ne yake mantawa bai zuba ba. Ya ce, Hauwa, ciwon Baba ne ya zo mini."

Kakanmu ya rasu bai san sunan 'ya'yansa ba. Inna ta ce Kawu ya yanke shawara zai rarraba wa mutane faya-fayansu, ya rufe shagon kafin ya ƙara cin amanar wani.

"Ke kika yi karatun abin nan a Kano, ke kuma kika aika masa injin," ta ce. "Je ki duba. In injin ne, ki gyara. In kansa ne, ki riƙo hannunsa ku taho gida."

Gaskiya ne ni na aika masa. Shekara biyu da suka wuce tsohuwar kwamfutarsa ta tebur ta mutu, na haɗa masa ta hannu mai batir, na sa mata irin tsarin nan da kowa ke da izinin buɗe cikinsa ya gyara. Har ɗan baiti na rubuta na liƙa a murfinta.

Ba ni kaɗai na tafi ba. Goggo Hanne, ƙanwar mahaifina, ta saba hanyar, tana kai lalle da yaji da daddawa ta komo da dabino da barguna. Ni 'yar lakwal take ce mini, wato 'yar boko. Da ta ga jakata sai ta ɗaga ta ta auna a hannu.

"'Yar lakwal, mene ne wannan? Duwatsu?"

"Kwamfutata ce, Goggo, da littattafai biyu."

"Littafi ake sha a hamadar Tenere? Cire ɗaya ki sa garin rogo."

Na cire. Na waƙoƙina na bari a jaka.

Daga Damagaram zuwa Agadas bas muka shiga, ta Tanut. Babu abin faɗa a wannan zangon sai wata tsohuwa da ta ɗora mini kaza a cinya ta yi barci, kazar ma ta yi barci, ni kaɗai ce ido biyu. A Agadas muka sauka gidan wata ƙawar Goggo, muka yi kwana huɗu muna jiran ranar da ayarin motoci ke tashi. Kowa na tambaya yaushe, sai ya ce gobe in Allah ya so, kuma ba wanda ke ƙarya, domin kowa haka aka gaya masa. A nan na fara cin cuku da shayi, na kusa karya haƙori, matan gidan suka yi ta dariya suka ce ai jiƙa shi ake yi tukun. A nan kuma aka ɗinke wa jarkata buhu, aka rubuta sunana da fenti. Mai rubutun ya sa Nafisa da harafi ɗaya a juye, na ji tausayin sunan duk tsawon hanya.

Direbanmu Barka ne, Batube a ƙabila, siriri kamar kara, ba ya son magana. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Kai yarinya, ka shiga gaba da Hajiya. Ka sha ruwa kaɗan-kaɗan. Ka tambaye ni saura nawa, na sauke ka."

Ban tambaya ba. Mazan da ke bayan motar kowa ya rungumi sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa, fuska a naɗe, ba ka ganin kome sai tabarau. Hadiza, ga amsarki: ban yi kuka ba. Na yi zaton Sahara za ta cika ni da waƙa, har na buɗe littafi a cinya, amma abin da na iya rubutawa cikin kwana uku layi ɗaya ne, shi ma game da ciwon baya. Wurin ya fi ƙarfin kalma. Sai dai na lura Barka yana bin hanya inda ni ban ga hanya ba. Na kasa daurewa na ce, "Malam Barka, yaya kake gane wurin?" Ya ce, "Ba na ganewa. Ina tunawa." Na yi ta juya maganar nan har Dirku, ina tunanin Kawu.

A Dirku na buɗe jakata na tarar Goggo ta cusa ƙullin daddawa kusa da kwamfutata don kada ya murƙushe. Har yau in fankarta ta tashi, ɗakina ƙamshin miyar kuka yake yi.

Iyaka kuwa, a can na fara rikicewa sosai. A wata ƙofa, ba zan ce wacce ba, wani jami'i ya karɓi takardunmu ya duba, ya rubuta sunayenmu a babban littafi, ya jefa takardun a aljihun tebur ya kulle, ya ce mu jira. Sai aka canje shi, ya tafi da makullin a aljihunsa. Wanda ya gaje shi ya buɗe littafi ya ce, "Ku ai kun wuce. Ga shi a rubuce. Me kuke yi a nan?"

Goggo ta ce, "Ɗana, mu mun wuce, takardunmu ne ba su wuce ba."

Ya ce shi littafi ya sani. Muka zauna a inuwar mota daga hantsi har la'asar, mutanen da suka wuce amma suna nan, har mai makulli ya dawo neman butarsa da ya manta. Ba don butar nan ba, da wataƙila har yanzu muna can.

Daga nan kalmomi suka fara canjawa. Shinge ya zama bawwaba, fasfo ya zama jawaz, aiki ya zama shugul. A Gatrun na ci burodi da kifin gwangwani da wani jan barkono da suke kira harisa, na ji kamar an ba ni abincin biki. Da muka shiga Sabha abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙofofi. A gida zaure a buɗe yake, mai wucewa ya yi sallama ya sha ruwa. Can kuwa katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, shiru. Na ce wa Goggo mutanen nan ba sa son baƙi. Ta ce in bari in shiga tukun.

Ta yi gaskiya. Matar da Kawu ya kama mana ɗaki a gidanta, Hajja Mabruka, ta rungume ni kamar ta san ni, ta jera mini gaisuwa wadda ta fi tamu tsawo, ta zaunar da ni gaban bazin. Bilki, ga taki amsar: suna da tuwo, na sha'ir, mai tauri, a tsakiyar akushi kamar tsauni, miya kewaye da shi da dafaffen ƙwai da dankali, kuma da hannu ake ci. Ni na gutsuro na tsoma kamar yadda muke yi. Hajja ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake murza shi cikin miyar da yatsu har ya yi laushi. Shayinsu hawa uku ne, na farko da kumfa kamar sabulu, na ƙarshe da gyaɗa a ciki. Na rasa ko sha ake yi ko ci. Kuma ba sa zubar da burodi. Wanda ya kwana sai a ɗaure a leda a rataye a bango saboda mai dabbobi ko mai bukata. Kwana biyu ina zaton wani ne ke manta cefanensa a kan titi.

Kawu ya rame. Da ya gan ni ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sannan ya juya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Shagon ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, benci, fanka a sama, akwatin amana a ƙarƙashin tebur. Ga kwamfutar da na aiko, baitina har ya koɗe. Kusa da ita ga na'urar faifai a gidanta na ƙarfe, da wayoyi biyu: ɗaya ta magana zuwa kwamfuta, ɗaya ta wuta zuwa bango.

A kan bencin akwai wata mata da goyo. Sunanta Tsahara, daga unguwar Tayuri take zuwa, inda take sayar wa leburori shinkafa da wake. Mijinta Ila magini ne. Ya tafi arewa, ya bar saƙo a faifai ya ce a ba ta in azumi ya wuce ba ta ji daga gare shi ba. Azumi ya wuce. Faifansa na cikin bakwai ɗin.

"Baba Sale," ta ce, da muryar wadda ta faɗi maganar sau da yawa, "ai kana zaune ya yi maganar. Ka gaya mini ko rabi ne."

"'Yata, ba zan sa wa mutum magana a baki da kan da ban yarda da shi ba. In na ce miki gabas alhali yamma ya ce fa?"

Ta gyara goyonta ta tafi. Kawu ya ce kullum da safe sai ta zo, kafin ta ɗora tukunya.

A nan sai na ɗan yi muku bayani, ku daure. A can cikin tsarin kwamfuta akwai wani ɓangare da ake kira kanel. Ba a ganinsa, amma shi ke riƙe da makullan gida. Idan aka sa faifai za a yi rubutu, kanel yakan aika wa na'urar umarni: kulle ƙofarki, ko an danna maɓalli kada ki buɗe. Sai ya ajiye a ransa cewa ƙofa a kulle take. Dalili kuwa, ba nan take yake zuba rubutu a faifai ba. Yakan riƙe wani a hannu, kamar mai tankaɗe da ke tara gari kafin ta juye a ƙwarya. In aka zare faifai kafin ya juye, sai a sami suna a kai, ciki wayam. In ya gama juyewa sai ya ce wa na'urar, to, saki.

Kawu bai san sunan kanel ba, amma ya san halinsa, har ya gina al'ada a kai. Shi ba ya cire wa kowa faifai. Ya ce amana hannun mai ita ke ajiye ta. In ya gama nasa aikin sai ya ce wa mutum, "Yi bisimilla ka danna. In ta ƙi, jira ka sake. In ta buɗe, ta gama." Mutum ya ciro faifansa da hannunsa, ya sa a akwati da hannunsa. Shekaru haka, ba a taɓa samun matsala ba.

Kwana biyar ina bincike. Kanel yana da littafin da yake rubuta duk abin da ya faru, na karanta shi har idona ya yi ja. A ranakun faya-fayan nan bakwai, littafin cewa yake ƙofa a kulle take daga farko har ƙarshe. Na sa faifan gwaji sau ba adadi, na danna maɓalli ana cikin rubutu, ƙofa ta ƙi. Na canja waya, na hure ƙura, na yi wa na'urar magana a hankali kamar akuya mai gardama. Lafiyarta lau. Da azahar duk unguwar takan rufe har la'asar, sai in koma ɗakin Hajja in kwanta ina kallon rufi, lambobi suna yawo a kaina kamar tururuwa.

Sai na fara kallon Kawu maimakon injin, kuma wannan ne abin da nake jin kunyarsa. Na ga ya nemi tabaraunsa alhali yana goshinsa. Na ji ya kira ni Hauwa. Na ga ya zuba sukari sau biyu a shayi. Duk abin da kowane tsoho ke yi, ni kuma ina tarawa kamar mai haɗa shaida. Shi ma ya ga ina kallonsa. Ran nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, in kin gano, kada ki ɓoye mini. Baba ma mun ɓoye masa, bai amfane shi ba."

A rana ta biyar na yi wauta. Na ce bari in ƙarfafa kullen, na taɓa wasu layuka a kanel cikin gaggawa. Wani bawan Allah ɗan Maradi ya zo, aka gama masa, ya yi bisimilla ya danna, ƙofa ta ƙi. Ya jira ya sake, ta ƙi. Kanel yana ce mini ya saki, na'ura ta ce ita ba ta ji ba. Mutumin yana da motar da zai bi, ya danna har ya fara karanto addu'o'in da ban taɓa ji ba. Goggo, da ta zo kawo mana abinci, ta ce, "'Yar lakwal, da kin zo kama ɓarawo, yanzu kin ɗaure mai gida." A ƙarshe na zare fil ɗin mayafina na miƙe shi, na zura a wani ɗan rami da ke ƙasan ƙofar, wanda aka yi don irin wannan rana, ta buɗe da ƙyar. Na riƙe mayafi da haƙori ina ba shi haƙuri. Na mayar da layukan yadda suke, na yanke a raina gobe zan kira Inna in ce ta gyara wa Kawu ɗaki.

Washegari da hantsi wani lebura ya zo, Tsahara tana zaune a bencinta. Kawu ya ɗauki hoton takardunsa, ya tura su faifai, ya ce masa ya yi bisimilla. Mutumin ya danna, ta ƙi. Ni ina zaune gaban kwamfuta, ba aiki nake ba, ina kallon fanka ne ina tunanin yadda zan faɗa wa Inna. Sai na ga fankar ta yi kamar za ta tsaya, ta ja numfashi, ta ci gaba. Kuran ne, wato wutar lantarki, ya ƙyafta, irin ƙyaftawar da ba wanda ke kula da ita a Sabha. Fuskar kwamfuta ko motsi ba ta yi ba, tana kan batir. Mutumin ya sake dannawa.

Ƙofa ta buɗe.

A gabana, a rubuce, kanel yana cewa a kulle take.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga goyon Tsahara ya farka. "Kada ka taɓa! Don Allah, Malam, kada ka taɓa!" Mutumin ya ɗaga hannu sama kamar a bawwaba.

Na koma littafin kanel. Ga wani ɗan layi da na yi kwana biyar ina tsallakewa, domin bai yi kama da kuskure ba: na'ura ta sanar cewa yanzu ta farka. Na duba ranakun nan bakwai. Yana nan a kowacce.

Na ce, "Kawu, zo ka gani da idonka." Na sa faifan gwaji, na fara rubutu, na ce ya danna. Ta ƙi. Na zare wayar wutar na'urar daga bango na mayar nan take. Na ce ya sake. Ta buɗe.

"Kulle ɗin a cikin kan na'urar yake," na ce. "In wuta ta ɗauke ko na ƙiftawar ido ne, sai ta farka ba ta san an taɓa ce mata ta kulle ba. Shi kuma kanel yana kan batir, bai yi barci ba, yana nan riƙe da garinsa, yana zaton maganarsa ta ɗazu tana nan. Bai sake gaya mata ba."

Kawu ya daɗe yana kallon ƙofar. "Da can fa? Shekara nawa kuran yana ƙyaftawa."

Na ce masa, "Da can tsohuwar kwamfutarka ba ta da batir. Tare suke mutuwa, tare suke farkawa, ka gani ka sake aikin. Wadda na aiko maka ce ba ta mutuwa."

Na yi zaton zai yi fushi, ko ya yi hamdala. Sai ya zauna a kan akwatin amana, ya cire hularsa ya riƙe. Can ya fara magana a hankali, kamar mai lalube a ɗakin da ya daɗe bai shiga ba. "Na Ila, ranar Talata ce. Ya zo da siminti a gira. Fanka ta tsaya, har ya ce ko ita ma ta gaji da zafi." Ya ambaci na biyu, da na uku, har bakwai, kowa da ranarsa da rigar da ya sa. Ina bin littafin kanel da yatsa. Ko ɗaya bai kuskure ba.

Gyaran kansa bai kai labari ba. Na yi kwana biyu a kansa, a hankali wannan karon. Na koya wa kanel cewa duk lokacin da na'ura ta ce ta farka, ya duba ko akwai aikin da bai ƙare ba, in akwai ya sake ce mata ta kulle kafin kome. Layuka kaɗan ne, ba su kai baitin waƙa biyu ba. Da na gama ina yi wa Goggo bayani da alfahari, sai ta ce, "To me ya hana ku haɗa su biyun a batir ɗaya?" Na ga gaskiyarta. Muka yi hakan ma. Kawu kuma ya kafa ƙusa a bango ya rataye fil ɗina, saboda ranar da ƙofa za ta sake yin taurin kai.

Amma faya-fayan nan bakwai ba su dawo ba. Abin da ba a juye ba ya tafi. Na gwada duk dabarar da na sani, na gaya wa Tsahara gaskiya. Ta gyaɗa kai, ta juya wajen Kawu.

Kawu ya sa hularsa. Ya gyara zama ya fuskance ta.

"Ya yi sallama. Ya yi tari sau biyu. Ya ce, Tsahara mai gishiri, in kin ji wannan to na yi nisa."

Ta sa hannu ta rufe baki. "Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Kullum sai ya ce na cika gishiri."

"Ya ce kada ki zauna jiran wayarsa, don zai sayar da ita a hanya. Ya ce akwai Mamman ɗan garinku, yana aikin gonar dabino a Zighan, shi ba ya canja lamba. Duk inda ya sauka, wurin Mamman zai aiko da labari. Ya ce ki yafe masa maganar da ya yi ranar da zai tafi. Bai faɗi ko wace magana ba ce."

"Na san ta," in ji Tsahara.

Da safe Goggo ta ajiye cinikinta ta raka ta Zighan. Ni da Kawu muka zauna a shago, ba mai iya aiki. Ya share tebur sau uku. Na san abin da yake tsoro: a je a tarar babu wani Mamman. Bayan la'asar muka ji muryar Goggo tun daga bakin titi tana faɗa da mai mota. Ta shigo ta dire kwandon dabino a tebur.

"Akwai Mamman," ta ce. "Wani dogo mai kunnuwa. Wata huɗu yana riƙe da saƙo, bai san inda zai kai ba. Ila yana raye. Ya yi ciwo ya warke, yana gini a wani gari bakin teku. Na bar ta can tana magana da shi, ta ƙi sakin wayar mutane."

Kawu ya tashi ya fita waje. Muka bar shi.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Hanya ɗaya ce, Barka ɗaya ne, sai dai wannan karon a cikin barguna aka cusa ni. A ƙofar nan ta iyaka na riƙe idona a kan aljihun tebur har aka miƙo mini takardata. Layukan da na rubuta na aika wa masu kula da tsarin, sun maido mini da tambayoyi uku, biyu daga ciki har yau ban gane su ba.

Da na iso gida Inna tana bakin zaure. Ba ni ta fara kallo ba, bayana ta kalla, ta ga Goggo ce kawai da kaya.

"Ina yayana?"

"Yana shago, Inna."

Kafin in ƙara wata kalma wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo mini. Muryar Kawu ce, da ƙarfinta.

"Uwata, kun sauka lafiya? To. Kin bar littafin waƙoƙinki a kan benci. Kin bar cajarki a ɗakin Hajja, da silifas ƙafa ɗaya, da ragowar cukun da kika ɓoye a bayan akwati tun ranar Laraba. Ki gaya wa Hauwa ta sa a duba mata kanki."

Inna ta zauna a dakali tana dariya, tana share ido da bakin zane.